Rijiya Ta Bayar, Randa Ta Ɓata

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, ma'aikaciyar lafiya, ta gabatar ranar bikin cikar ƙungiya shekara goma. Mun buga shi yadda ta faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu halarta ba.

Hajiya Shugaba, uwayen ƙungiya, ma'aji da sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena na reshen Jega, da na Aliero, da na Maiyama, da baƙinmu da sunka taso daga ƙauyuka tun da sassafe, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wagga rana. Allah ya ƙara danƙon zumunci.

An ba ni rabin awa, an ce in yi magana kan lafiya, ni kuma na zaɓi ruwan sha. Na san akwai mai cewa a ranta, yau ranar anko ce da lissafin riba, mi ya kawo zancen ruwa? To ku tambayi ma'aji. Idan mace ta zo ranar zubi ta sunkuyar da kai ta ce a yi mata haƙuri wanga wata, mi ta fi faɗa? Ba kasafai take cewa kasuwa ce ta ƙi ba. "Yaro ne ba lafiya, kwananmu uku asibiti." Jarin ƙuli-ƙuli ya tafi wajen ƙarin ruwa, kuɗin albasa sun tafi wajen allura, ga kwanakin da ba a ɗora tukunyar sana'a ba. Mu da ke aikin asibiti mun san da yawan irin wannan kwanciya gudawa ce, ko amai da gudawa, ko taifot, kuma dukkansu ta baki suke shiga, cikin abin da anka ci ko anka sha. Ke nan ruwa yana cikin littafin ma'aji tun ranar da anka buɗe shi, sunansa ne kawai ba a rubuta ba.

Tun muna ƙanana a makarantar Islamiyya an koya mana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan daram, ba shi nake taɓawa ba. Sai dai ruwan da ya halatta ki yi alwala da shi, ba lallai ne cikin ɗanki ya ɗauke shi ba. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari, sai da madubin likita ake ganinsu. Ruwa zai fito garau, mai sanyi, mai daɗi, alhali da kashin mutum a cikinsa. Ku gafarce ni, iyayena, dole in kira abin da sunansa, don duk cututtukan nan da na lissafa daga bayan gidan wani suke fitowa su shiga bakin wani. Abin mamaki ma, wani ruwan burtsatse da ke yin ja-ja idan ya kwana, yana ɓata farin tufafi, sau da yawa sinadarin ƙarfe ne daga ƙasa, kuma bai kai wancan garau ɗin haɗari ba. Amma shi muke ƙyama.

Ruwanmu a nan kala-kala ne. Na bakin Gulbin Zamfara suna ɗiba a gulbi, ko su tona yashi idan rani ya yi. Cikin garin Jega, inda gidaje sunka matse juna, rijiya ce a tsakar gida, ko a saya wajen 'yan garuwa. Ƙauyukan Aliero da Maiyama akwai rijiyar gari, akwai famfon tuƙa-tuƙa idan bai lalace ba, akwai tafki da damina. Kowanne da tasa matsala. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Ku koma gida ku taka da ƙafa ku gani. Ke kin nisanta taki shaddar, amma ta maƙwabcinki tana bayan katangar da rijiyarki take, kuma ƙarƙashin ƙasa ba katanga. Idan ruwa ya yi yawa kamar ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, masai ya cika ya tumbatsa, ruwan ya bi ta bakin rijiyar da ba ta da dakali ba ta da murfi. Shekara ta gaba, 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,600 sunka rasu. Kebbi tana cikin jihohin da abin ya taɓa. Wasunmu a nan ba labari anka ba su ba.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu. A 2016 zuwa 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF sun bi gidaje a faɗin Nijeriya suna auna ruwa. Su kan auna a inda ake ɗibowa, sannan su ce wa matar gida, ba mu ruwa a kofi kamar yadda za ki ba ɗanki, su auna shi ma. A wurin ɗiba, kimanin kashi 77 cikin 100 na da ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwan. A kofin cikin gida kuwa, kusan kashi 91. Kun ji? Maimakon ruwa ya gyaru idan ya shigo hannunmu, ƙara lalacewa yake yi. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Namu ya fi haka: rijiya ta bayar, guga ya kawo, randa ta ɓata.

Ku bi ruwan nan da ni daga farko. Guga da igiya suna yashe a ƙasa bakin rijiya, inda awaki da kaji ke yawo, inda anka wanke wa yaro kashi ɗazun. An jefa cikin rijiya. An cika bokiti, yarinya ta ɗauko a ka, yatsunta cikin ruwa tana riƙe da baki. An juye cikin randa, bisa na jiya, na jiyan kuma bisa na shekaranjiya. Yaushe rabon da a kwashe randar nan ƙarƙaf a goge santsin da ke gindinta? Sannan ga moɗa. Moɗa ɗaya ce tal, ita maigida ke sha da ita, ita baƙo, ita almajiri, ita yaron da ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba. Idan ruwa ya yi ƙasa sai ya zura hannu har gwiwar hannu. Ya sha, ya mayar da ragowar ciki, ya ajiye moɗar ƙasa ko bisa faifan da ƙuda ke kai. Da yamma kuma daga randar nan za a ɗebi ruwan dama wa ƙaninsa koko. Ba na raina randa, a kanta munka tashi, kuma cikin zafin Afrilu ba abin da ya kai ruwanta daɗi. Laifinta ɗaya, bakinta ya yi faɗi, hannu yana shiga. Duk mazubin da hannu ke shiga, ruwansa ba ya kwana lafiya.

Gyaran ba shi da tsada. A ware mazubin ruwan sha daban da na wanke-wanke. Ya zama mai murfi, a riƙa tsiyayowa: bokiti mai famfo a ƙasa, ko jarka mai ƙaramin baki. Wadda ba ta iya rabuwa da randarta, kamar wasu iyayena da nake gani suna harara ta, to a ɗora ta bisa abin da yaro ba zai kai ba, a sama mata ludayi mai dogon mariƙi wanda ake ratayewa, da shi ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai shi baki. Jarkokin ɗan garuwa kuwa, wata rana ki leƙa cikin ɗaya da tocila. Idan kin ga kore-kore, kin san abin da kike saye. Ba faɗa za ki yi da shi ba, neman halalinsa yake, amma ruwansa sai an yi masa magani kafin a sha.

Wane magani? Nan ma akwai ruɗani. Mata da yawa kan ce mini, "Ai ni ina sa alif." Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi haske, haka ma garin ƙwayar zogale. Suna rage datti, amma ba su kashe cuta. Aikinsu share fage ne. Abin da ke kashewa uku ne da muke iya samu. Tafasawa, har ruwan ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya, ba ɗumamawa ba. Na san tsadar icce da gawayi, shi ya sa ba na cewa a tafasa na gida duka, amma na ƙaramin yaro da na mara lafiya a daure. Sai rana, wadda Allah ya hore mana kyauta: a zuba ruwa mai haske cikin farar gorar roba wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita bisa kwano cikin rana awa 6, idan da hadari kwana biyu. Sai kulorin, na ruwa irin WaterGuard ko na ƙwaya irin Aquatabs. A bi awon da ke jikin kwalba ko takarda, don girmansu ba ɗaya ba ne, a girgiza, a jira minti 30. Ni kulorin na fi so wa gidajenmu, ga dalili: ruwan da kinka tafasa, da ya huce hannu ya shiga, ya koma gidan jiya. Mai kulorin kuwa akwai saura da ke zama ciki yana gadi har wani lokaci. Maigida zai ce yana warin asibiti. Ki ce masa gara warin asibiti a kofi da kwana a can.

Kada wata ta ce wannan aiki ya fi ƙarfin mata. Iyayenmu da ke zaune a gaba sun san kurkunu. Sun ga ƙato ya kwanta damina guda, ana naɗe tsutsa a tsinke daga ƙafarsa, gona ta zama saura. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a ƙasar nan. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar sha. Da mi anka kore ta? Da ƙyallen tace ruwa a bakin tulu, da hana mai ciwon shiga tafki, da sa magani a tafkuna, da haƙa rijiyoyi. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka a kan haka, tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Amma hannun da ya ɗaura ƙyallen nan kullum safiya na mace ne. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Yau 'yan matan da ke raba mana ruwa a zauren nan ba su taɓa ganinsa ba. A ƙasar Bangaladash ma an gwada a ƙauyuka, mata suna ninka tsohon zanensu sau huɗu suna tace ruwan kogi, kwalara ta ragu da kusan rabi. Tacewa kaɗai ba ta isa ba, amma wadda ba ta da komai sai ruwan gulbi, ta fara da ita.

Bari in zo kan jarirai, kuma a nan da kakanni nake. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba ya buƙatar ruwa, ko da bazara. Nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, kuma tatacce. Na san abin da ake cewa: "Wanga zafi, a bar ɗan mutum da ƙishirwa? Mu haka anka rene mu." Inna, wadda ke jin ƙishirwa uwar ce, ita za a cika wa kofi, shi kuma a ƙara sa shi a nono. Cokali ɗaya na ruwan randa ya isa ya buɗe masa gudawa. Idan gudawar ta zo kuma sai a ce haƙori ne. Haƙori ba ya sa gudawa. Lokacin fitar haƙori ne yaro ke rarrafe, yana kai komai baki, ana fara ba shi ruwa da koko, shi ya sa abubuwan biyu ke haɗuwa. Yaron da ke gudawa yau, ya warke, bayan sati uku ta dawo, hanjinsa ba ya riƙe abinci, ko me kike ba shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a lokacin babu jihar da ta kai mu. Jihar shinkafa da kifi da albasa! Talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki suna ciki, ba musu, amma ruwa da rashin tsafta suna da nasu kaso. Tun 2022 an sa rigakafin wata muguwar gudawar yara cikin rigakafin da ake yi kyauta a asibiti, ɗigo ne a baki, ku duba katin ɗiyanku. Mai ciki ita ma a kula da ruwanta. Akwai nau'in shawara da ake ɗauka ta ruwa, wadda kan yi wa sauran mutane sauƙi amma ta kashe mai tsohon ciki. A Diffa ta Nijar a 2017, da cutar ta ɓarke, masu ciki ta fi yi wa ɓarna.

Idan gudawa ta riga ta kama yaro, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, maɗiga ta loɓa. Maɗigar nan ba shafe-shafe take so ba, ruwa take nema. A kaɗa garin ruwan gishiri da sukari na asibiti, a bi awon ruwan da ke jikin takardar. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato leda biyu masu rabin lita, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. Idan kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko yaro ya kasa sha, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. A kama hanya ana ba shi ruwan a kan babur.

Akwai kuma abin da wuta ba ta kashewa, kulorin ma ba ya kashewa. Wannan na mutanen Aliero ne da duk masu noman rani. Galan ɗin maganin feshi idan ya ƙare, kyakkyawa ne, mai murfi, sai a ɗauraye a ba yaro ya kai ruwa gona, ko a zuba man gyaɗa. Wankewa ba ta raba shi da dafin. A huda shi don kada wani ya tsinta, kuma kada a wanke injin feshi bakin rijiya ko tafki. Takin zamani shi ma, abin da albasa ba ta sha ba yana sauka ƙasa ya tarar da ruwan rijiyoyin fadama marasa zurfi. Idan sinadarinsa ya wuce miligiram 50 a lita, yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata, kuma tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi, don ruwa ne ke tashi shi ya zauna. Wannan ba a gane shi da ido ko harshe, sai awo. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, muna da kwalejin kiwon lafiya a nan Jega, ga hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha. Mace ɗaya ba za ta ɗauki gora ta doshi ƙofarsu ba, amma ƙungiya mai rajista da takarda mai hatimi tana iyawa.

Saura magana mai ɗaci, kuma tamu ce. Da yawanmu da ruwa muke sana'a: zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya, lamurje, fura da nono, ƙanƙara. Wasu da rancen ƙungiyar nan sunka sayi firiza. Zoɓo an tafasa shi, gaskiya ne, amma da wane ruwa anka sirka? Kunun aya ko wuta ba ya gani. Ƙanƙara ba ta kashe cuta, ajiye ta take yi har ta narke a cikin ɗan makarantar da ya saya. Gorunan da yara ke tsintowa a tasha da wurin biki, da mi anka wanke su? Ledar da ake hura wa iska da baki kafin a ɗura fa? Randar gidanki mutum goma take shayarwa, kular da 'yarki ke kaiwa kasuwar Jega kuwa Allah kaɗai ya san gida nawa take shiga. Ba na faɗin haka don in kashe wa kowa kasuwa. So nake a wayi gari idan an ce zoɓon 'yar ƙungiya ne, uwa ta saya wa ɗanta hankali kwance, ko da ya ɗara na wasu da 'yan nairori.

Na ji kwamiti na shawarar a zuba rarar bana a haƙa rijiyar burtsatse da sunan ƙungiya. Niyya ce mai kyau, kuma unguwar da ba ta da ruwa sam, ba abin da ya fi mata wannan. Amma Hajiya Shugaba, da izininki, ra'ayina ya ɗan bambanta. Rijiya ɗaya unguwa ɗaya za ta amfana, a rassa uku. Ku ƙirga famfunan da ke tsaye ba ruwa tsakanin nan da Maiyama, yawancinsu ba ruwan ne ya ƙafe ba, ƙaramin ƙarfe ne ya lalace ba mai saye. Kuma ko mun haƙa, ruwan randa ɗaya zai tarar a gida. Da ni ce, zan fara da sarin bokitai masu famfo da kulorin, a ba membobi su biya kaɗan-kaɗan tare da zubi, kamar yadda muke yi da taki. Kowane reshe ya zaɓi rijiyoyin da membobinsa sunka fi sha, a nemi a auna su sau biyu, da rani da tsakiyar damina. Duk mai neman rancen sana'ar abin sha, a sa sharaɗin mazubi mai murfi da maganin ruwa cikin takardarta, 'yan uwanta biyu su je su gani da ido. Abin da ya rage a buɗe masa asusun gyaran famfo, a fara da waɗanda sunka mutu kusa da mu. Burtsatse ta jira baɗi.

Ina roƙon sakatariya ta sa wannan cikin ajandar taron wata mai zuwa, a kaɗa ƙuri'a a kai, kowane reshe ya zo da matsayarsa. Na zo da jarka da kwalbar kulorin da cokali. Bayan an ci abinci ina bakin ƙofa ta gabas, duk mai son ganin yadda ake awon da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ta same ni can, masu sayar da abin sha su fara zuwa.